Hazon ƙarshen shekara: Hasashen da ke isa filin jirgin sama, ya kasa isa Tashar Yari

Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, babbar hanyar Zariya zuwa Kano takan ɗauki nauyin da ya zarce na sauran watanni. Makarantu sun yi hutu, ma'aikata da 'yan kasuwa suna komawa garuruwansu domin Kirsimeti da sabuwar shekara, manoman da amfanin gona ya shigo hannunsu suna aurar da 'ya'ya, manyan motoci kuma suna lodin rake da tumatir da barkono daga Maƙarfi da Kudan da Ikara. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta san da wannan cunkoso, shi ya sa takan ware 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu domin sintirinta na musamman. A daidai wannan tsakani ne iskar hunturu ke kai ga ƙarfinta, ta kwaso ƙura daga hamada ta shimfiɗa a kan hanya da gona da kasuwa.

Babu wanda ke buƙatar masani ya gaya masa cewa hunturu zai zo. Abin da ke da wuyar sani shi ne safiyar da gari zai waye a rufe, da yawan kwanakin da zai yi a haka, da tsananin sanyin da zai biyo baya. Ilimin yanayi na zamani yana iya hango tasowar ƙura kwana ɗaya zuwa uku kafin ta iso, amma hange ne mai tattare da shakka, kuma masu yin sa sun san da shakkar. Matsalar da ke gaban mutanen waɗannan ƙananan hukumomi uku ita ce, ɗan abin da aka sani ɗin an tsara shi ne domin matuƙin jirgin sama, shakkar da ke cikinsa kuma takan ɓace a hanya kafin labarin ya kai kunnen direba da manomi.

Inda ƙurar ke tasowa

Mafi yawan ƙurar da ke rufe arewacin Najeriya a wannan lokaci tana tasowa ne daga ƙwarin Bodele da ke arewacin Chadi, kusa da garin Faya, fiye da kilomita 1,000 daga Kano. Dubban shekaru da suka wuce wurin yana ƙarƙashin ruwan wani katafaren tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ce kawai. Da ruwan ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, wadda akasarinta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka taru. Masana suna lissafa ƙwarin a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a doron ƙasa, har wani kaso nata yakan tsallake tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Yankin Bilma na Jamhuriyar Nijar da wasu sassan Sahara su ma suna ƙara nasu.

Abin da ke tayar da ita yana farawa ne daga nesa. Idan iska mai sanyi ta gangaro daga Turai ta ratsa Bahar Rum, matsin iska yakan ƙaru a kan Libiya, ya tunkuɗo iskar arewa maso gabas da ƙarfi. Iskar takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar yadda ruwa ke ƙara gudu idan ya shiga kwazazzabo, sannan ta faɗo kan ƙwarin. Da dare takan yi gudunta a sama kaɗan da ƙasa. Idan rana ta fito ta ɗumama ƙasa, sai ƙarfin ya sauko, ƙura ta tashi da hantsi. Daga nan kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ta iso Kano da Zariya. Ke nan guguwar sanyin da ke hana jirage tashi a Turai a ƙarshen Disamba tana da dangantaka da hazon da ke rufe Hunƙuyi bayan 'yan kwanaki.

Wannan tazara ta kwana ɗaya ko biyu ita ce jarin mai hasashe. Taurarin ɗan'adam na Meteosat, mallakar ƙasashen Turai, suna ɗaukar hoton Afirka kowane minti 10 zuwa 15, kuma ana iya ganin ƙurar tana tashi daga Bodele a cikinsu. Hukumar Yanayi ta Duniya ta kafa tsarin gargaɗi kan guguwar yashi da ƙura a 2007, cibiyarsa da ke birnin Barcelona na Sifaniya kuma tana fitar da taswirar hasashen ƙura ta arewacin Afirka kowace rana, kyauta a intanet. A Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET da ke aiki a kan yanayin yankin. Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana da damar amfani da duk waɗannan, kuma takan fitar da sanarwa idan ta ga ƙura ta taso daga Chadi ko Nijar.

Dalilin da ya sa hasashe ke saɓawa

Duk da waɗannan kayan aiki, ƙura tana cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu hasashe. Dalili na farko yana cikin halin ƙurar kanta. Ƙasa ba ta tashi sai iska ta kai wani mizani na ƙarfi, idan kuma ta haura mizanin, yawan abin da take ɗagawa yakan hauhawa da sauri ƙwarai: gudun iska ya ninka biyu, ƙura na iya ninkawa har takwas. Saboda haka kuskuren kashi 10 cikin 100 wajen ƙiyasta gudun iska a Faya yana iya zama kuskuren kashi 30 ko fiye a yawan ƙurar da za a ce tana tafe.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin ma'auni. Kwamfutar hasashe tana farawa ne daga sanin halin da sararin sama ke ciki a yanzu, sannan ta lissafa na gobe. A tsakiyar Sahara tashoshin da ke auna iska da zafi ƙalilan ne, masu sakin balan-balan ɗin awo zuwa sama kuwa sun fi ƙaranci. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin awon da ke Afirka bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na mafi ƙarancin abin da ake buƙata ba. Lissafin da aka ɗora a kan gurgun ma'auni ba zai miƙe ba, komai ƙarfin injin da ya yi shi.

Na uku, tauraron ɗan'adam daga sama yake kallo. Yana ganin jimillar ƙurar da ke tsakaninsa da ƙasa, amma bambance wadda ke shawagi a sama da wadda ta kwanta a kan titi yana yi masa wuya. Mutum kuwa ta ƙasa ce ke shiga idonsa da huhunsa. A daren hunturu ƙasa takan huce da sauri, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar murfin tukunya, sai ƙura da hayaƙi su maƙale a tsakani har hantsi. A fadamun rake, inda ake ƙona ganye da shara, ake kuma hura wutar dafa mazarƙwaila, hayaƙin gida yakan haɗu da ƙurar hamada ya haifar da duhun da babu taswirar Barcelona da za ta nuna shi. Ana iya samun gari garau a filin jirgin Zariya alhali wani kwari a hanyar Ikara ya rufe.

Akwai kuma shakka a kan lokaci. A watan Maris na 2010, bayan mutane sun ɗauka hunturu ya wuce, ƙura mai kauri ta rufe Najeriya daga arewa har Legas, ta dagula zirga-zirgar jirage. A wasu shekarun kuma Disamba kan zo ya wuce ana jiran sanyin da bai iso ba. Hasashen shekara da NiMet ke ƙaddamarwa a farkon kowace shekara ya fi mayar da hankali ga damina: ranar saukarta, ranar ɗaukewarta, da yawan ruwan da za a samu. Wannan ya dace da ƙasar da noman damina ke ciyar da ita, kuma hukumar ta yi ƙoƙarin fassara shi zuwa Hausa da wasu harsuna. Sai dai mai noman rani a Kudan, wanda tumatir da alkamarsa suka dogara da sanyin dare, yana buƙatar irin wannan kulawa ga hunturu.

Wa aka rubuta wa sanarwar?

Dokar 2003 ce ta kafa NiMet, aka sabunta ta a 2022, kuma hukumar tana ƙarƙashin Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama. Wannan matsayi yana da tarihi mai nauyi. A ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas ya karkata zuwa Kano saboda rashin kyawun yanayi, ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. A Fabrairun 2020 hazo ya tilasta wa jiragen ƙasashen waje da suka nufo Legas sauka a Accra da wasu birane, fasinjoji suka yi kwanaki a maƙale. A Afrilun 2025, da ma'aikatan NiMet suka shiga yajin aiki, kamfanin Air Peace ya dakatar da tashin jiragensa, gwamnati kuma ta shiga tsakani cikin kwanaki kaɗan. Jirgi ba ya tashi sai da rahoton yanayi, don haka duk wata tangarɗa a wannan ɓangare nan take ake jin ta a Abuja.

Wannan dangantaka ce ta tsara harshen sanarwar. Hasashen kwana uku da hukumar ke fitarwa yakan ce ana sa ran ƙura mai matsakaicin kauri, da nisan gani na kilomita 2 zuwa 5, ko mai kauri da nisan gani na mita 1,000 ko ƙasa da haka, sannan ya jera sunayen jihohi. A ƙarshe yakan shawarci kamfanonin jirage su nemi rahoton filin da za su sauka, masu cutar numfashi su yi hattara, direbobi su yi tuƙi a hankali. Ga matuƙin jirgi, mita 1,000 adadi ne mai ma'ana, domin akwai ƙa'idar da ta fayyace masa ko ya sauka ko ya juya. Ga direban da zai tashi daga Maƙarfi da asuba, adadin bai ce masa komai ba. Sunan Kaduna a jerin jihohi ma bai taimake shi sosai ba, tunda jiha ce da ta miƙe daga iyakar Kano da Katsina har zuwa Kafanchan, kuma hunturun Ikara ya fi kama da na Kano fiye da na kudancin jihar.

Manyan tashoshin awon da ake dogara da su a wannan shiyya suna filayen jirgin sama ne na Kano da Kaduna da Zariya, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take. A Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta shafe shekaru masu yawa tana tattara bayanan yanayi, cibiyar NAERLS mai aikin wayar da kan manoma kuma tana maƙwabtaka da ita. Ilimin yana zaune a ƙofar gidan waɗannan ƙananan hukumomi, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Hanyar da za ta ɗauke shi daga Samaru zuwa Likoro ko Gubuchi ko Paki kowace yamma, cikin kalmomin da za a yi aiki da su, ita ce ba a gina ba.

Abin da gargaɗin kwana biyu zai iya tsarewa

A kan hanya, hazon hunturu ba kasafai yake makantar da direba gaba ɗaya ba. Haɗarin yana zuwa ne idan abubuwa suka haɗu: duhun asuba, ƙurar da ke mayar da hasken fitila cikin ido, hayaƙin ƙona daji a gefen titi, da babbar motar da ta lalace aka bar ta babu alama sai 'yan ganyaye. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyaran da aka yi wa hanyar Zariya zuwa Kano ya rage ramuka, ya kuma ƙara wa direbobi gudu. Hanyoyin da suka ratse zuwa Maƙarfi da Ikara da Hunƙuyi kuwa ba tagwaye ba ne, kuma a kansu motar rake da babur mai ɗauke da mutum uku da amalanken shanu suke rabon wuri. Shugaban tasha da ya san tun yamma cewa gobe za ta yi duhu yana iya jinkirta lodin farko da sa'a biyu. Iyalin da za su kai amarya suna iya tashi da hantsi maimakon bayan sallar asuba.

A gona, hunturu aboki ne kuma abokin gaba. Sanyi da bushewar iska suna taimaka wa rake ya tara zaƙi, tumatir ya ɗaure 'ya'ya, alkama ta yi kyau. Idan sanyin ya yi rauni ko ya ɗauke da wuri, zafi yakan ba ƙwari dama. Manoman tumatir na wannan yanki ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan amfanin. A ɗaya gefen, iska mai ƙarfi tana busar da ƙasa da sauri, abin da ke nufin ƙarin ban-ruwa da ƙarin kuɗin fetur na injin, a lokacin da farashinsa ya ninka tun bayan cire tallafi a 2023. Mai shanya barkono ko kauɗa a bakin titi yana son ranar bushewa, amma ba ya son ranar da ƙura za ta lulluɓe kayan ta karya musu daraja a kasuwa.

Sai gobara. A tsakiyar hunturu danshin iska yakan yi ƙasa ƙwarai, itace da kara da ganyen rake su bushe ƙamas. Wutar da aka kunna domin share gona ko farautar gafiya tana iya tsallakawa zuwa fadamar maƙwabci cikin mintuna idan iska ta taso, rigimar da kan biyo baya kuma ta fi wutar daɗewa. Kasuwannin Singa da Sabon Gari na Kano, waɗanda suka ƙone a Fabrairu da Maris na 2016, suna cikin birni ne mai motocin kashe gobara, duk da haka aka yi asara mai yawa. Kasuwar ƙauye da rumfunanta na zana da buhu ba ta da wannan gata. A ƙasashe da dama ana haɗa hasashen iska da na bushewa a fitar da gargaɗin gobara, a hana kunna wuta a fili a ranakun da haɗarin ya yi yawa. Dagaci da mai unguwa suna da ikon yin wannan shela, in da wanda zai gaya musu ranar.

Ta fuskar lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya maikrogiram 45 a kowace kubik mita ta iska a matsayin iyakar ƙananan ƙwayoyin ƙurar da ya kamata a shaƙa a wuni guda, ranar hazo mai kauri kuwa takan ninka wannan sau da yawa. Masu asma da tsofaffi da jarirai su ne kan fara jin jiki. Masu sikila suna fuskantar tashin ciwo saboda sanyi da bushewar jiki. Almajiran da ke kwana a zaure ko a fili, da iyalan da ke shigar da kaskon gawayi ɗaki su rufe ƙofa, suna cikin haɗarin da gargaɗin dare ɗaya zai iya ragewa. Bayan haka akwai sanƙarau, wanda ke bin lokacin ƙura da bushewa a wannan ɗamara ta Afirka. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000, ta 2017 kuma ta kashe fiye da 1,000, akasari a arewa maso yamma. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'o'i biyar na ƙwayar cutar. Asibitin karkara da ya san makonni masu tsanani na tafe zai iya neman magani tun kafin layi ya yi tsawo.

Faɗin shakka a fili

Hujjar da aka saba kawowa ita ce, mutanen karkara ba za su fahimci hasashe mai shakka ba, kuma idan aka yi musu gargaɗi sau biyu abin bai faru ba, za su daina saurare. Kashi na biyu na wannan magana gaskiya ne, amma yana faruwa ne idan an gabatar da zato a matsayin tabbas. Sanarwar da ta fito daga hukuma da kalmar “ana sa ran” takan koma “za a yi” a kanun labarai, ta koma “gwamnati ta ce” a WhatsApp. Idan gari ya waye garau, mai hasashen ya zama maƙaryaci a idon jama'a, alhali shi tun farko ya san abin yana iya saɓawa.

Manyan cibiyoyin duniya sun daɗe da samo hanyar auna shakkarsu. Cibiyar hasashe ta ƙasashen Turai takan gudanar da lissafi iri ɗaya sau 51, kowanne da ɗan sauyi a ma'aunin farko. Idan akasarinsu suka nuna abu guda, tabbacin ya yi ƙarfi. Idan suka watse, an san gobe a buɗe take. Cibiyar Barcelona ma tana jera sakamakon tsare-tsaren lissafi daban-daban domin a ga inda suka dace da inda suka saɓa. A Amurka tun 1965 ake gaya wa jama'a yiwuwar ruwan sama da kaso cikin ɗari. Kusa da gida, a 2018 aka ƙaddamar wa Burkina Faso tsarin gargaɗin ƙura mai amfani da launuka, yanki-yanki, domin wanda bai san adadin mita ba ya gane matakin haɗari da kallo ɗaya.

Batun fahimta kuwa, manomin da ke yanke shawarar yin shuka bayan ruwan farko ko jiran na biyu yana auna yiwuwa ne, ko da bai kira ta da wannan suna ba. Haka ɗan kasuwar da ke ajiye masara yana jiran farashi. Hausa tana da “watakila” da “da alama” da “mai yiwuwa” da “babu makawa”, kuma kowane mai jin harshen ya san tazarar da ke tsakaninsu. Tana kuma bambance hazo da buji, da ɗari da jaura. Hasashen da ya ce a cikin goma akwai bakwai gobe gari zai rufe daga asuba zuwa hantsi, jibi kuma ba a tabbatar ba tukuna, ya fi amfani, ya kuma fi dacewa da tarbiyyar al'ummar da ta yarda cewa sanin gaibu sai Allah. Mai faɗin haka bai yi da'awar sanin gobe ba. Matsayinsa ɗaya da wanda ya hango hadari a gabas ya ce a kwashe shanya.

Wanda alhakin ya rataya a wuyansa

Ba aikin NiMet ba ne ita kaɗai, kuma ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Abin da ya rage a kanta shi ne ta rarraba hasashen hunturu zuwa shiyyoyin da suka fi jiha ƙanƙanta, ta bayyana matakin tabbacinta, ta kuma riƙa wallafa yawan lokutan da ta dace da waɗanda ta saɓa, domin amana da lissafi ake gina ta. Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jihar Kaduna da ma'aikatun lafiya da noma su ne ya kamata su fassara kowane mataki zuwa aiki: a mataki kaza a daina ƙona gona, a mataki kaza a ɗage taron safe na 'yan firamare, a mataki kaza a jinkirta lodi. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da na jiha suna shiga kowane lungu na yankin, kuma minti biyu bayan labaran yamma sun wadatar.

Ƙananan hukumomin uku ma suna da nasu kason. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Shugaban da ke neman a ba shi cin gashin kai yana da damar nuna amfaninsa da abu mai arha: na'urar awon yanayi mai sarrafa kanta a sakatariya ko a makarantar sakandare, da ma'aikaci ɗaya da zai riƙa aika saƙon murya ga hakimai da limamai da fastoci da shugabannin tasha. A 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wa kanta burin cewa kafin ƙarshen 2027 kowane mutum a duniya ya samu kariyar tsarin gargaɗin gaggawa, a 2024 kuma ta ayyana 2025 zuwa 2034 a matsayin shekaru goma na yaƙi da guguwar yashi da ƙura. Ma'aunin cikar wannan buri a Najeriya shi ne ko labarin yana kaiwa Tashar Yari.

Kalanda ma tana ƙara matsa lamba. Watannin Musulunci suna ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka ana sa ran azumin 2027 ya kama a farkon Fabrairu, na 2028 a ƙarshen Janairu, na 2030 a farkon Janairu. Nan da 'yan shekaru, fitar sahur da tahajjud da cunkoson tafiyar ƙaramar sallah za su faɗo cikin tsakiyar hunturu, su haɗu da zirga-zirgar ƙarshen shekara a kan hanya ɗaya. Alhazan 1973 ma a irin wannan zagaye na kalanda suka dawo gida cikin Janairu. Ranar da ƙura za ta tashi daga Bodele ba ta hannun kowa, amma kwana ɗaya ko biyun da take yi a hanya lokaci ne da hukumomi ke da shi a hannu, kuma masu zaɓe a Ikara da Maƙarfi da Kudan suna da haƙƙin tambayar abin da ake yi da shi.